Littafin jan rai da fim ɗin da ake yi da shi: daga Kano har Tirmini

 Akwai tambayoyi uku da suke yawan zuwa mana duk lokacin da muka taɓo maganar littafi da fim. Wane ne ya riga zuwa, littafin ko fim ɗin? Me ya sa abin da aka nuna a fim ba ya zama daidai da abin da aka karanta? Kuma abin da muka kalla ɗin nan, ya faru da gaske ko ƙirƙira ce? Mun tattara amsoshin wuri guda domin mai buƙata ya riƙa dawowa yana dubawa, ko ya karanta wa wanda bai yi boko ba.

Abin da za mu riƙe tun daga farko shi ne, labari ɗaya yana iya zuwa da fuska uku: abin da ya faru, abin da marubuci ya rubuta, da abin da mai fim ya nuna. Kowace fuska da aikinta. A wajenmu kuwa maganar ta wuce nishaɗi, domin tarihin ƙasarmu da kansa ya shiga littafi ya shiga fim, kuma yaranmu da yawa a waya suke fara ganinsa kafin su ji shi daga bakin kakanninsu.

Mene ne littafin jan rai?

Ƙagaggen labari ne wanda aka gina shi kan tambaya ɗaya: to sai me ya faru? Shi ne littafin da mutum zai ce bari in karanta shafi biyu in kwanta, sai ya ji kiran assalatu yana riƙe da tocila. A cikinsa akwai wanda ke cikin haɗari, akwai wanda ke farautarsa, akwai asirin da ake ɓoyewa, kuma lokaci yana ƙurewa.

Iri-iri ne. Akwai na ƴan sanda da ɓarayi, inda ake neman wanda ya yi kisa ko sata. Akwai na leƙen asiri, inda ƙasa ke aika mutum ya shiga cikin abokan gaba. Akwai na ɗaukar fansa, da na siyasa da juyin mulki, da na yaƙi, da na ban tsoro mai aljanu da matsafa. Labarin soyayya ma yana iya zama na jan rai, idan an sa ranar ɗaurin aure da wani kuma masoyin yana can nesa bai sani ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wajen Bahaushe. Kaka mai tatsuniya ta san inda za ta tsaya ta gyara zama, yara na ta roƙonta ta ci gaba. A Dare Dubu da Ɗaya, Shaharzad da jan rai ta tsira da ranta, domin kullum gari kan waye labari bai ƙare ba. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, aku ne ke tsare ɗan sarki Musa da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Mu ma masu aikin rediyo da ita muke aiki: in muna karanta labari, daidai inda aka ƙwanƙwasa ƙofa muke cewa sai mako mai zuwa.

Dabarun da marubuci ke riƙe mai karatu da su

Ta farko ita ce a sanar da mai karatu abin da jarumin bai sani ba. A ce mun ga kunama ta shige cikin takalmin wani malami, shi kuwa yana can yana alwala cikin natsuwa. Duk ruwan da ya zuba a hannu, gabanmu faɗuwa yake. Da ba a nuna mana kunamar ba, sai dai mu razana sau ɗaya lokacin da ta harbe shi. Da aka nuna mana, mun yi minti biyar muna zullumi. Alfred Hitchcock, Baturen Ingila da ya yi suna wajen finafinan jan rai, da irin wannan misali yake bayyana sana'arsa, sai dai shi da bam a ƙarƙashin tebur yake kwatantawa.

Ta biyu ita ce wa'adi. In ba a kawo kuɗin ba kafin faɗuwar rana, in ba a isa rijiya ba kafin ruwan salka ya ƙare, in ba a kai wasiƙa ba kafin a zartar da hukunci. Wa'adi shi ke hana labari yin barci.

Ta uku ita ce yanke magana a tsakiya. Marubutan Kano sun ƙware a nan, har sukan raba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya, na biyu da na uku, kowanne ya tsaya inda mai karatu ba zai iya haƙura ba sai ya koma kasuwa.

Ta huɗu ita ce juyin ƙarshe: amini ya zama shi ne maci amana, ko wanda aka ɗauka ya mutu ya dawo. Marubucin kirki yakan zuba alamu tun da wuri, ta yadda in asiri ya tonu mai karatu zai ce ai kuwa da ma na ga alama.

Yadda ya samo asali a rubutun Hausa na boko

A 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Cikin biyar ɗin, Jiki Magayi ya fi kama da abin da muke magana a kai. Attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai lalata ɗan da za ta haifa, mai karatu kuwa yana kallon yaron yana girma yana jiran ranar da abin zai fashe.

Bayan yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, labaran suka shiga birni da bindiga. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa hannun ɓata-gari. A 1982 aka buga littattafan da suka yi nasara a wata gasa ta gwamnatin tarayya, ciki har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai magana kan fasa ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, inda Mailoma ya tara ƴan ta'adda bayan yaƙi. Duk wanda ya san yadda kaya ke ratsa iyaka ta Magarya ko Matamaye, Turmin Danya ba zai zame masa baƙon labari ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka fara buga littattafansu da kansu, abin da ake kira adabin kasuwar Kano. An fi saninsa da soyayya, amma a cikinsa akwai masu rubuta jan rai da bincike irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih, da masu littattafan yaƙi irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Waɗannan littattafai sun ƙetaro iyaka tare da ƴan kasuwa da ƴan cirani, sun shiga Damagaram da Maraɗi, ana saye ana haya ana aro.

Waɗanda suka yi boko kuma suna da nasu na waje. A Najeriya littattafan James Hadley Chase aka fi yayi. A nan Nijar, wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, jerin SAS na Gérard de Villiers ne aka fi sani, wanda ya fara a 1965 ya kai littafi 200 kafin mutuwarsa a 2013. Yau kuma yawancin sababbin labarai a WhatsApp da Wattpad suke fara fitowa, wasu kuma a saurare su a YouTube inda ake karanta su da murya.

Yadda littafi ke komawa fim

Matakin farko shi ne izni. Labari dukiyar marubucinsa ce, sai an yi yarjejeniya da shi kafin a taɓa. Daga nan sai a sake rubuta shi a tsarin fim, wato a rarraba shi fitowa-fitowa, a rubuta wanda ya shigo, abin da ya ce, da inda kyamara za ta kalla. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce shafi ɗaya na wannan rubutu yana cin kamar minti ɗaya a allo. Ke nan fim ɗin awa biyu shafi 120 ne ko kusa da haka, kuma shafukan ba a cike suke ba. Littafi mai shafi 300 dole a yanke shi. Mutum uku sukan koma mutum ɗaya, tafiyar wata guda ta koma minti biyu.

Sai kuma kuɗi. Marubuci yana iya tara dawaki dubu da layi ɗaya, ko sisi bai kashe ba. Mai fim kuwa sai ya nemo dawakin, ya ciyar da su, ya biya mahayan. Shi ya sa ake canza wuri, ake rage yaƙi, ake mayar da babban gari ya koma unguwa ɗaya. Kasuwa ma tana da bakinta: a ƙara waƙa da rawa, a ba fitaccen ɗan wasa babban matsayi, a gyara ƙarshe don ƴan kallo su tashi da farin ciki. A Kano kuma tun 2001 akwai hukumar tace finafinai da sai fim ya bi ta hannunta.

Abin da fim ke rasawa shi ne zancen zuci. A littafi muna cikin kan mutum, muna jin tsoronsa da shawarar da yake yi da ransa. A fim fuskarsa kawai muke gani. Abin da fim ke ƙarawa kuwa shi ne jama'a. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba, da makiyayi, da ƴan fada masu shan shayi, duk za su zauna gaban allo ɗaya su fahimci labarin. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma a nan nauyin yake, domin ga mutane da yawa fim ɗin shi kaɗai ne abin da za su taɓa sani na labarin.

Littattafan Hausa da suka zama fim

Shehu Umar shi ne babban misali na farko. Labarin yaro ne da aka sace aka kai shi bauta har ƙetaren Sahara, uwarsa ta bi sawu tana nemansa, shi kuma ya girma ya zama babban malami. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, shekara goma bayan kashe marubucin, wanda shi ne firaministan Najeriya na farko.

Fim ɗin bidiyo na kaset ya kama kasuwa a Kano a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. A kula, sunansa ɗaya da littafin Sulaiman Ibrahim Katsina, amma Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta labarin fim ɗin. Da marubuta suka ga kaset na tafiya, sai suka shigo da littattafansu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, labarin Sumayya ƴar masu kuɗi da Muhammad talaka. Bala Anas Babinlata ya yi Tsuntsu Mai Wayo. Aka yi Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, aka yi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1998, labarin Rabi da mijinta ya kore ta da ƴaƴa tara bayan ya yi amarya. Wannan littafin na Balaraba an fassara shi zuwa Turancin Ingilishi an buga shi a Indiya a 2012.

Ke nan masana'antar da aka raɗa wa suna Kannywood a 1999, da kafaɗar marubuta ta miƙe tsaye. Daga baya waƙa da rawa irin ta Indiya suka rinjayi kasuwa, aka rage ɗaukar labari daga littafi. Amma dabarar jan rai tana nan, ita ce ke riƙe masu kallon finafinai masu dogon zango irin su Kwana Casa'in da Labarina, waɗanda kowane kashi ke tsayawa inda littafi na ɗaya ya saba tsayawa.

Manyan misalai daga duniya

Fim ɗin da ake cewa shi ya buɗe zamanin finafinai masu cika gidajen silima a mako ɗaya shi ne Jaws na Steven Spielberg, 1975, daga littafin Peter Benchley na 1974. Labarin wani ƙaton kifin teku ne mai cin mutane a wani garin gaɓa a Amurka. Kifin roba da aka ƙera yana ta lalacewa lokacin ɗauka, dole aka rage nuna shi, sai hakan ya ƙara wa mutane tsoro, don abin da ba ka gani ya fi firgitarwa. Ya fi kowane fim samun kuɗi a lokacinsa. Wani masanin teku da ya mutu a littafin, a fim an bar shi da rai.

The Day of the Jackal na Frederick Forsyth ya fito a 1971, fim ɗinsa a 1973. An ɗauko maharbi a ɓoye don ya kashe Shugaba De Gaulle na Faransa. Kowa ya san De Gaulle a gidansa ya mutu a 1970, amma duk da haka mai karatu ba ya iya ajiye littafin, domin tambayar ta koma ta yaya za a tare mutumin da ba a san sunansa ba. James Bond ma daga littafi ya fito: littafin farko na Ian Fleming ya fito a 1953, fim na farko ya zo a 1962.

Masoya finafinan Indiya su ma su sani cewa Raazi na 2018, inda yarinya ƴar Kashmir ta auri sojan Pakistan don ta yi wa Indiya leƙen asiri a yaƙin 1971, daga littafin Harinder Sikka aka ɗauko shi. Haka 3 Idiots na 2009 daga littafin Chetan Bhagat, wanda ya fito fili ya yi ƙorafin cewa an tura sunansa can ƙarshen fim. Rigimar marubuci da mai fim ba a Kano kaɗai take ba.

Namu na Nijar

Ƙasarmu tana cikin na farko a harkar fim a Afirka ta Yamma. Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane ya ɗauki labarin Boubou Hama ya yi Toula a 1973: fari ya addabi ƙasa, boka ya ce sai an ba da budurwa ga aljanin ruwa, saurayinta ya bazama neman ruwa kafin a sadaukar da ita. Ga wa'adi nan a fili.

André Salifou, masanin tarihi haifaffen Damagaram, ya rubuta wasan kwaikwayo kan abin da ya faru a 1906, lokacin da Turawan Faransa suka zargi Sarki Amadu Ɗan Basa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa. Mahamane Bakabé ya mayar da shi fim a 1982 da sunan Si les cavaliers. Makirci ne, da asiri, da tonon asiri, duk a cikin Birni.

Wanda ya fi su suna shi ne Sarraounia. Marubucinsa Abdoulaye Mamani an haife shi a Gudumariya a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Djibo Bakary, ya yi zaman gudun hijira a Aljeriya, ya dawo gida ya sha ɗauri. An buga littafin da Faransanci a Paris a 1980. Ya ɗauko labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Jan ran littafin a tafiyar rundunar yake: gari bayan gari na ƙonewa, labari na isowa Lugu, kowa na jiran ranar haɗuwa.

Med Hondo, ɗan asalin Muritaniya, ya yi fim ɗin a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Amma ba a Nijar aka ɗauke shi ba, a Burkina Faso aka yi, zamanin Thomas Sankara. Aï Keïta ta Burkina ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma maganar cikinsa ta fi yawa da Jula da Faransanci. Ga fuskokin nan uku da muka faɗa. A tarihi Sarauniya shugabar Azna ce ta ƙaramin gari, mutanenta suka yi faɗa suka janye cikin kurmi. A littafi Mamani ya ba ta ƙuruciya da horon yaƙi da kalamai, ya ɗaga ta ta zama alamar ƴanci ga Nijar duka. A fim kuma ta zama ta Afirka gaba ɗaya, da babbar fada da dakaru. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, a hanyarsa daga Damagaram zuwa Yamai don karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama.

Inda fim ya tsaya, nan namu ya fara

Bayan Lugu rundunar ta ci gaba da yin gabas. Ta yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Da labarin ta'asar ya kai Paris, aka aiko Kanal Klobb ya karɓi ragama, Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli 1899. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baya, suka kashe Chanoine sannan Voulet, kaburburansu na nan a Maijirgi. Fim ɗin Med Hondo a wajen nan yake naɗe tabarma, Sarauniya ta koma garinta da nasara.

To amma rundunar ba ta watse ba. Pallier, Joalland da Meynier suka ja ta suka nufo Damagaram, suna neman fansar Kyaftin Cazemajou da aka kashe a birnin a watan Mayu na 1898. A ƙarshen watan Yuli na 1899, a nan Tirmini, dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tare su. Bindigogin Turawa suka rinjayi dawaki da bindigogin Sarki, aka shiga birni, Sarki ya fita, aka kashe shi a watan Satumba. Daga nan mulkin Faransa ya kafu a Damagaram, har birnin ya zama hedkwatar mulkinsu a ƙasar kafin a mayar da ita Yamai a 1926.

Yaron da fim kawai ya kalla zai tashi da cewa labarin ya ƙare da mutuwar Voulet. Alhali mako biyu bayan nan, a ƙasar da muke nomawa yau, aka yi karon da ya canza makomar Damagaram. Wannan ba laifin mai fim ba ne, shi labarin Sarauniya ya ɗauka, kuma kowane fim dole ya tsaya wani wuri. Akwai kuma wani fim na bincike, African Apocalypse na 2020, wanda ya bi hanyar rundunar yana jin ta bakin jikokin waɗanda abin ya shafa. Irin wannan fim aikinsa daban ne da na ƙagaggen labari, don shi shaida yake tarawa.

Abin da za mu riƙe

In mun kalli fim, mu duba rubutun farko ko na ƙarshe, a nan ake faɗin ko daga littafi aka ɗauko shi da sunan marubucin. In an ce labarin gaskiya ne, mu tambaya wane yanki ne gaskiya, wane ne ƙari. In yara sun kalli fim ɗin tarihi, a zaunar da su gaban dattijo su ji yadda aka ba shi labarin, su gwada biyun.

Mu tuna kuma da haƙƙin mai abu. Littafin da ake turawa kyauta a WhatsApp, da fim ɗin da ake zubawa a katin waya, wani ne ya hana idonsa barci ya yi shi. In marubuci bai ci guminsa ba zai ajiye alƙalami, mai fim kuma ya rasa inda zai ɗebo labari. A Nijar hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin marubuta da mawaƙa, mai rubutu yana iya zuwa ya yi rajistar aikinsa.

Ƴan uwa mazauna Kano, in za ku zo gida sallah, ku saka Jiki Magayi ko Shehu Umar ko Turmin Danya cikin tsaraba, littafi ɗaya yana iya zagaye unguwa guda. Mazauna Yamai ku nemo wa ƴan makaranta Sarraounia. Mu kuma da ke gida, duk mai tsoho ko tsohuwa da ta gaji labarin yaƙin Tirmini daga iyaye, ya ɗauki muryarta a waya tun tana da ƙarfin magana, ya rubuta sunan gari da ranar da aka ɗauka, ya adana. Marubucin da zai rubuta labarin nan gobe, da mai fim ɗin da zai biyo bayansa, da wannan muryar za su fara aiki.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu karanta a shiri. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya.